Komawar Kibiya Kwari

Farauta tana ɗaya daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Bahaushe, kuma baka da kibiya su ne makaman da suka fi jimawa a hannun maharbi kafin zuwan bindiga. Tarihi ma bai manta da su ba. A yaƙin Tafkin Kwatto na shekarar 1804, 'yan baka ne suka tsaya wa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a gaban dawakin Gobir. Haka kuma a Burmi, a shekarar 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojojin Ingila. Sai dai kibiyar yaƙi daban take da ta farauta. Mayaƙi idan ya saki tasa ba ya sa ran sake ganinta. Maharbi kuwa yana harbi ne a dajin da makiyaya ke ratsawa, mata ke shiga neman itace, yara ke bi tsintar kanya da taura, saboda haka inda kibiyarsa ta faɗi abu ne da ya shafi kowa. Masu kirari sun cika yabon wanda ya iya saiti, amma da wuya a ji sun ambaci aikin da ke biyo bayan harbi, wato neman kibiyar har a mayar da ita kwari.

A wani ƙauye da ke gindin duwatsun ƙasar Ningi akwai wani dattijo mai riƙe da sarautar Sarkin Baka, wadda ya gada daga mahaifinsa. Shekarunsa sun haura 70, idonsa ya fara rauni, kuma ya daɗe rabonsa da kwana a daji. Duk da haka samarin maharba ba sa fita sai sun biya ta zaurensa sun gaishe shi. Ba a san shi da yawan kirari ba, ba kuma ya cika ba da labarin ɓauna ko gwanki kamar yadda tsararrakinsa kan yi. Abu guda aka san shi da shi. Kwarinsa na ɗaukar kibau 12, kuma tun yana saurayi ba ya shiga gida da 11 ba tare da ya san inda cikon ta 12 take ba.

Wannan ɗabi'a tana da asali. Lokacin da yake matashi, a wata kaka bayan an gama yankan dawa, maharba bakwai na ƙauyen sun fita tare, har da shi. Da yamma suka tayar da gada kusa da burtali, kowa ya saki kibiya, gadar ta tsira, duhu ya yi, suka tsinci abin da suka gani suka koma gida. Bayan kwana uku sai ga Arɗo a ƙofar Dagaci, ɗauke da wata kibiya a naɗe cikin ganye. Wani yaronsa mai kiwon maruƙa ne ya taka ta a cikin ciyawa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya sha jinya, kuma ƙafar ba ta koma daidai ba. Aka tara maharban nan bakwai, aka ajiye kibiyar a gabansu. Maƙeri ɗaya ne ya ƙera musu ƙarafan, a fadama ɗaya suka yanko kyauron, ɗaurin ma iri ɗaya ne. Babu wanda zai iya cewa tasa ce, babu kuma wanda zai iya rantsewa cewa ba tasa ba ce, domin ba ɗayansu da ya ƙirga abin da ya fita da shi. Mahaifinsa, wanda shi ne Sarkin Baka a lokacin, ya ɗauki nauyin jinyar, ya ba Arɗo haƙuri. Da suka koma zaure ya dube su ya ce, "Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Daga yau kowa ya yi wa kibiyarsa alamar da ido zai gani, da shaidar da za a san mai ita."

Domin a fahimci wahalar wannan umarni, ya kamata a san yadda kibiyar Bahaushe take. Jikinta na kyauro ne, siriri marar nauyi. A bakinta ake cusa ƙarfe mai tsini, sau da yawa mai kunnuwa, a ɗaure da jijiya ko zare don kada kyauron ya tsage. A gindinta akwai 'yar tsaga inda tsirkiya ke shiga. Ba a sa mata gashin tsuntsu kamar yadda wasu al'ummomi kan yi, saboda haka ba ta da wani abu mai faɗi da zai ja ido. Ga shi kuma launin busasshen kyauro da na busasshiyar gamba ko kyasuwa kusan ɗaya ne, ga farauta ta fi yawa da rani, lokacin da daji gaba ɗaya ya koma wannan launi. Bugu da ƙari, kibiyar da ta kuskure nama ba ta cika tsayawa a tsaye ba. Takan zo ne a kwance, ta sulale ƙarƙashin ciyawar da ta kwanta, har mutum ya tsallake ta sau uku bai gan ta ba. Idan ta goga dutse takan karkace ta yi gefe. Idan kuma ta sami naman, yakan ruga da ita cikin sabara da geza, kyauron ya karye a wani wuri, ƙarfen ya faɗi a wani.

Haɗarin kibiyar da ta ɓace yana cikin dafinta. Babban abin da maharban wannan yanki suka dogara da shi shi ne kwankwani, wanda ƙwayarsa ke ɗauke da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai suka gane haka, har suka riƙa sarrafa shi a ɗan ƙanƙanin awo a matsayin maganin ciwon zuciya. Irin wannan dafi ba ya saurin mutuwa, shi ya sa ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi ke taka-tsantsan da tsofaffin kibau ko da sun shekara da yawa a ajiye. Ke nan kibiyar da aka bari a burtali tarko ce da aka ɗana wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Sarkin Baka ya shafe shekaru yana gwada launuka, kuma duk abin da ya yi amfani da shi a ƙauyen ya same shi. Ya fara da baba, ganin cewa marina na kusa, sai ya tarar shuɗi yana sajewa da inuwa, ko da rana tsaka ba a hango shi a gindin kalgo. Ya gwada rawaya, ta yi kyau da damina a cikin ɗanyen haki, amma da rani ta zama ɗaya da ciyawa. Jan karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, ya fi su fitowa da rana, sai dai da zarar rana ta yi gora shi ne launin da ke fara komawa baƙi. Farar ƙasa ce kaɗai ta jure har bayan magariba, kuma a dajin da aka ƙone babu kamarta, domin tana fitowa fes a kan baƙar toka. Daga nan ya tsayar da shawara a kan haɗa biyu. Yakan dama farar ƙasa da ƙaro don ta kama, ya shafe kimanin faɗin tafin hannu a gindin kibiya, sa'annan ya naɗa jan zare a tsakiyar farin. Dalilinsa shi ne daji yana da fari yana da ja, amma ba ya jera su kusa da juna a miƙe, don haka ido yana saurin tsayawa a kan abin da bai saba gani ba.

Gindin kibiya yake yi wa alama, domin shi ne ke saura a waje idan baki ya nutse a ƙasa ko a jikin nama. Yana kuma gargaɗin kada a cika shafi. Wani saurayi ya taɓa ɗaura wa tasa tuntun jar fata don ta yi kyau, da ya harba sai ta riƙa lilo a iska ta faɗi nesa da inda ya nufa. Kibiyar da ba ta da gashi nauyin bakinta ne ke daidaita tafiyarta, kuma duk abin da aka ƙara a baya yana rage wannan daidaito. Ƙa'idar Sarkin Baka ita ce a ɗora kibiya a kan yatsa kafin shafi da bayan shafi. Idan wurin da take tsayawa daidai ya matsa baya sosai, to, a kankare a sake.

Akwai waɗanda suka yi masa musu cewa ja zai kori nama. Ya amsa da abin da ya gani da idonsa, cewa gada da mazo motsi da wari suke gudu, ya sha tsayawa kusa da su da jar hula ba su kula ba. Binciken masana halittu ya goyi bayansa. Dabbobi masu kofato suna da nau'i biyu ne na ƙwayoyin gane launi a idonsu, mutum kuwa yana da uku, don haka ba sa bambance ja da kore yadda mutum ke yi. Tsuntsaye kuwa, kamar zabin daji da fakara, sun fi mutum ganin launi. Saboda haka yake sa a yi wa kwari marfi ko a lulluɓe bakinsa da tsumma, kada a fito da kibiya sai lokacin harbi. Haɗa fari da ja yana da wani amfanin kuma, domin a cikin maza akwai waɗanda aka haifa ba sa rarrabe ja da kore sosai, irin waɗannan farin ne zai taimake su.

Bayan alamar gani sai shaidar mai ita. Kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa shaida, haka kowane maharbi a ƙauyen yake da tasa. Ta gidan Sarkin Baka zobe uku ne na jan zare, ta wani gidan biyu, wani kuma zobe ɗaya da tsaga biyu a jikin kyauro. Da yake kyauro na karyewa, ya roƙi maƙeri ya riƙa sara irin wannan shaida a wuyan ƙarfen ma. Wannan ya kashe rigingimu da dama. Kowa ya san yadda farautar gayya kan ƙare da gora da barandami a kan wanda ya fara samun nama. A ƙauyen nan kuwa sai a zaro kibiya a duba, magana ta ƙare. Shaidar ta kuma yi daidai da abin da malamai ke karantarwa. A babin farauta na littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an yi bayanin hukuncin naman da ya ɓace wa maharbi har ya kwana, da maganar da aka yi game da wanda aka tarar da kibiyar a makasarsa. Haka nan malaman Malikiyya sun yi gargaɗi a kan naman da aka harba da kibiya mai dafi ya mutu ba a yanka ba, domin ba a san ko ƙarfen ne ya kashe shi ko dafin ba. Ashe ke nan saurin gano kibiya da bin sawu yana da alaƙa da halaccin abin da za a kai gida.

Farin shafin yana da wani aiki da ba a yi tsammani ba tun farko, wato yana nuna irin jinin da kibiya ta ɗebo. Jini mai haske da kumfa alama ce ta huhu, naman ba zai yi nisa ba. Jini mai duhu yakan nuna hanta. Idan kuwa aka ga kore-kore mai wari, to, tumbi aka samu, sai a yi shirin doguwar tafiya. Kibiyar da aka tsinta fes babu jini babu gashi ita ma ta ba da labari, domin ta hutar da maharbi bin sawun abin da bai taɓa ba. Masu iya magana kan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Sarkin Baka yakan yi murmushi idan an faɗa, ya ce a wurin maharbi kuskure tsaf ya fi, domin dabbar da aka yi wa rauni ta tsere wahala kawai aka ɗora mata.

Duk da haka, ba ya yarda yaro ya dogara da launi kaɗai. Hanyar da ya bi ya koyar da jikansa ta isa misali. Yaron yana da shekara 12 ya matsa a ba shi baka. Kakan ya kai shi bayan gari da kibau 5 marasa dafi, ya harba su ɗaya bayan ɗaya cikin gamba, ya zauna a gindin ɗorawa ya ce a kawo masa su. Yaron ya ruga da gudu, ya dawo da biyu, ya ce sauran sun ɓace.

"Daga ina na harba, abokina?" in ji tsohon.

Yaron ya waiwaya ya rasa wurin. "Kaka, ai duk wurin iri ɗaya ne."

"To, ka ga abin da ya fara ɓace maka. Ba kibiya ba ce."

Daga ranar ya koya masa matakai. Kafin maharbi ya ɗaga ƙafa daga inda ya yi harbi, sai ya kafa sanda ko ya rataye hularsa a reshe. Sa'annan ya tsayar da ido a kan wata bishiya ko suri da ke bayan inda naman ya tsaya, domin kibiya tana kan layin da ke tsakanin waɗannan wurare biyu. Ya bi layin a hankali, ya wuce inda yake zato, domin kibiya ta fi yawan zarce tsammani. Idan bai gani ba, ya durƙusa ya duba ƙasa-ƙasa, rana tana bayansa. Idan ciyawa ta kwanta, ya sa sanda mai ƙugiya ya riƙa ja a gicciye da layin, kada ya kuskura ya sa hannu ko ya shiga ba takalmi. A ƙarshe ya ƙirga abin da ke kwari kafin ya bar wurin. Akwai kuma wuraren da ba a harbi sam: kusa da burtali, bakin mashaya, hanyar rafi, da kuma bayan faɗuwar rana. Yaron ya yi rani guda cur yana tsintar kibau kafin a bar shi ya ja tsirkiya. Da uwarsa ta yi ƙorafin an wahalar mata da ɗa, tsohon ya ce wanda ya san wuyar nema ba ya harbin banza.

Yaron ya girma, har ya shiga kwalejin ilimi. A wani hutu ya zo wa kakansa da hotuna a waya na maharban Amurka masu farautar barewar ƙasarsu da baka. Su ma matsalar ɗaya ce, kuma hanyoyinsu ba su yi nisa da na tsohon ba. Suna sa wa kibau gashin roba mai launin ruwan lemo ko kore mai haske, suna naɗa farar leda a gindi don a gani kuma a karanta jini. Har akwai ɗan ƙaramin ƙwan lantarki mai batir da ake sawa a tsagar gindi, wanda ke kamawa da zarar tsirkiya ta tura kibiya, a riƙa hango shi cikin duhu. Tsohon ya daɗe yana kallo, sa'annan ya tambaya ko su ma suna ƙirga kibansu. Bai raina abin ba, sai dai ya lura cewa batir na ƙarewa, kuma kyauro ba zai ɗauki nauyinsa ba.

Abu biyu ya karɓa daga hannun jikan. Na farko shi ne siririn yanki na ledar nan mai ƙyalli da ake manna wa manyan motoci da babura, wadda ke mayar da haske idan an haska ta da tocila. Ya gwada ta a kan yatsa, ya ga ba ta da nauyi, ya yarda a naɗa zobe ɗaya a ƙarshen farin shafi, da sharaɗin kada ta zama dalilin harbin dare. Na biyu shi ne maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo da aka ɗaure a bakin sanda. Wannan ya fi burge shi, domin yana ɗauko ƙarfen da kyauronsa ya karye, wanda shi ne ya fi haɗari kuma ya fi wuyar gani. Ya ce da an sami irin wannan a zamanin mahaifinsa, da an huta da abubuwa da yawa.

Yau daji ba kamar da yake ba. Gonaki sun ci wuraren da ake farauta, manyan namun daji sun ja baya zuwa gandayen da hukuma ta keɓe, kamar Yankari da aka ware tun 1956, inda doka ta hana farauta. Akwai kuma dokar tarayya ta 1985 da ke kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Yawancin samari sun koma bindiga, masu baka kuwa zomo da zabo suka fi samu. Wani zai ce ke nan maganar alamar kibiya ta zama tarihi. Sarkin Baka yana ganin akasin haka, domin da daji ya ƙanƙance ƙafafun da ke bin sa sun ƙaru, kuma ɗan abin da ya rage na ciyawa shi ne makiyayi da manomi da mai itace ke rububi. Ya kuma hana samarin ƙauyen sa dafi don ƙananan namu, tunda ƙarfe kaɗai ya ishe su. Ya gargaɗe su cewa duk wanda kibiya ta soka, kada a fizge ta saboda kunnuwanta, a garzaya da shi asibiti tare da bayanin irin dafin da ke jikinta.

Abin lura a rayuwar wannan dattijo shi ne yadda ya ɗauki aikin da wasu ke ganin ƙarami ya mayar da shi ma'aunin cikar maharbi. A wurinsa harbi yana farawa ne tun a zaure, lokacin da ake dama farar ƙasa ana naɗa zare, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ya ƙarewa sai an ƙirga kwari an tarar ya cika. Wanda zai koyar da yara wata sana'a ko wani ilimi zai iya duba tsarin da ya bi: ya fara koyar da ɗaukar alhaki kafin ya miƙa makami, ya bar yaro ya gano kuskurensa da tambaya guda, ya kuma karɓi sabon abu daga hannun wanda ya koyar bayan ya auna shi. A ƙauyen, har yanzu idan makiyayi ya tsinci kibiya mai farin gindi yakan ɗauke ta da ganye ya kai zauren Sarkin Baka, a duba zoben da ke jikinta, a aika a kira mai ita.